Kundin aikin falalen dutse: duhu, hazo da taurari a ƙasar Birnin Kudu

Litinin, 14 ga Oktoba, 2024

Mun tsayar da wurin da za mu riƙa kallon taurari. Falalen dutse ne a bayan wani ƙauye a ƙasar Birnin Kudu, can nesa da titin Kano zuwa Maiduguri inda fitilun manyan motoci ba sa isowa. Mai unguwa ya yarje mana, da sharaɗin mu riƙa sanar da 'yan sintiri duk daren da za mu kwana, kada a hangi mutane a kan dutse da tsakar dare sun kafa wani dogon bututu a yi musu wata fassara. A zamanin nan babu wanda zai ga laifinsa.

Tambayar da muke son amsawa kafin shekara ta zagayo ita ce ko wurin ya isa a riƙa kawo ɗaliban sakandare su kwana kallon taurari, kuma a waɗanne watanni. Kayan aikinmu: madubin hangen nesa mai faɗin inci 8, tabaron hangen nesa, ma'aunin zafi da laima, da na'urar auna duhun sama, SQM, wadda ba ta fi tafin hannu ba. A ɗaga ta sama, a danna, ta ba da lamba. Girman lamba girman duhu: tsakiyar babban birni 18 ko ƙasa da haka, iyakar duhun sama kuwa wajen 22. Ƙungiyar DarkSky International ba ta amincewa da gandu a matsayin wurin kallon taurari sai ya kai 21.2. A Afirka gandun NamibRand na Namibiya ne ya fara shiga jerinta, a 2012.

Yau ba daren awo ba ne, wata ya kusa cika. Tauraro mai wutsiya ya kawo mu, Tsuchinshan-ATLAS, wanda aka gano a farkon 2023 daga China da Afirka ta Kudu. Shekaranjiya ya fi kusantar duniya, da tazarar kilomita miliyan 71. Da aka idar da magariba ya bayyana a yamma, dama da Zara, wutsiyarsa ta miƙe sama, kuma duk da farin wata ana ganinta ba da tabarau ba. Damina ta yi ƙarfi bana, ta wanke iska fes. Raɓa ce kawai ta hana sakat: kafin ƙarfe 9 gilashin tabaron ya jiƙe, takardar rubutu ta yi laushi.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Kusan mako guda ke nan yawancin Arewa babu wutar lantarki. An lalata layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, wanda ke biyowa ta Benuwai shi ma ya faɗi. Masu walda da masu ƙanƙara da masu injin niƙa suna ta kokawa, ba abin murna ba ne. Amma ga aikinmu ya zo da gwajin da ba mu isa mu shirya ba.

Kano na arewa maso yamma da mu, sama da kilomita 100, Dutse kuma tana arewa, ta fi kusa sosai. A daren duba wuri mun ga kowacce da tata kumfar haske a gindin sama. Yau ta Kano ta kwanta, ta Dutse ta ragu, amma babu wadda ta ɓace, domin janareta da fitilun sola ba ruwansu da Shiroro. Da muka ɗaga na'ura tsakar ka, lambar ta haura 21, daidai inda muke zato ko da akwai wuta. Ma'ana hasken biranen nan a gefen sama ya tsaya, bai hau kanmu ba. Ta fuskar duhu dai, wurin ya ci jarrabawa tun yanzu.

Tauraro mai wutsiya ya dushe, sai da tabarau.

Asabar zuwa Lahadi, 2 zuwa 3 ga Nuwamba

Duhun wata, babu gajimare ko ƙyalle, iska ta kwanta, raɓa kaɗan. Irin wannan dare ake nema.

Mun yanke cewa lambar na'ura kaɗai ba za ta ishe mu ba, sai mun haɗa da abin da ido ke gani. Don haka muka ware abubuwa biyar da za a duba kowane dare a rubuta "ya fito" ko "bai fito ba". Akwai 'ya'yan Kaza, nawa ido ya ƙirga. Akwai damin taurarin Andromeda, wanda haskensa ya yi tafiyar shekara miliyan 2.5 kafin ya iso. Sai tauraron arewa, da ke tsaye digiri 11 da ɗoriya sama da ƙasa, gwargwadon nisanmu daga layin da ya raba duniya arewa da kudu. Sai Suhailu, tauraro mai haske a kudu, da ba ya wuce digiri 26. Na biyar shi ne mai wuya, Babban Girgijen Magellan, wani damin taurari mai kama da gajimare, wanda a nan iyakar hawansa digiri 9.

Duka biyar sun fito. Wajen ƙarfe 3 na dare Girgijen Magellan ya nuna kansa a saman itatuwan kudu, fari dishi-dishi, idan ka kafa masa ido ya ɓuya, idan ka ɗan kauda ido gefe ya dawo. Daga Turai ba a ganinsa sam, kuma a nan ma sai iskar ƙasa-ƙasa ta yi garau. Shi'ira, tauraron da aka ambata a Suratun Najmi, yana ta walainiya can sama.

Abin da ya fi ɗaukar mu shi ne bayan ƙarfe 4. Wani farin haske ya taso daga gabas, mai faɗi a gindi, mai tsini a sama, ya miƙe ya kai rabin sama, alhali asuba da saura. Ladanin ƙauyen ya fito alwala, ya hango jar cocilarmu ya hawo mu gaisa. Na nuna masa na ce, "Allah gafarta Malam, wannan fa?" Ko ɗaga kai sosai bai yi ba ya ce, "Ai alfijirin ƙarya ne, ɗana. Na gaskiya a kwance yake zuwa, wannan a tsaye." Haka littattafan fiƙihu suka siffanta shi, miƙaƙƙe kamar wutsiyar kyarkeci, ba ya halatta sallar asuba, ba ya haramta sahur. Masu ilmin taurari sun ce hasken rana ne ke dukan ƙurar da ke warwatse tsakanin duniyoyi, kuma ya fi fitowa a ƙasashe irin namu, inda hanyar rana ke tashi kusan a tsaye. Ɗaliban Kano suna haddace wannan babi a Islamiyya, mafi yawansu ba su taɓa ganin abin da ake nufi ba. Ko don shi kaɗai ya kamata a kawo su.

Asabar, 30 ga Nuwamba

An yanke dawa, an fara cinna wa daji wuta. Daga kan dutse muna hangen wuta a wurare da dama ta kudu da gabas, wasu na masu share gona, wasu na yara masu farautar gafiya. Da dare iska ta kwanta, hayaƙi ya shimfiɗu ƙasa-ƙasa ya ƙi tashi. Raɓa ta ɗauke gaba ɗaya, leɓe ya fara tsagewa.

Andromeda ya fito, Suhailu ya fito amma ya yi ja, tauraron arewa da kyar, Girgijen Magellan babu labarinsa. Mako huɗu kacal tsakanin wannan da wancan daren.

Asabar, 14 ga Disamba, da asuba

Daren zubar taurari na Geminid. A shekara mai kyau akan ƙirga sama da 100 a awa ɗaya, ɓarɓashin wani dutsen sama ne mai suna Phaethon da duniya ke ratsawa kowace Disamba. Bana wata ya hana, gobe zai cika, kuma bai faɗi ba sai da alfijir ya keto. Ga hazo ya shigo, ya kama hasken watan ya watsa shi ko'ina, sama ta yi fari fat. Manyan ne kawai suka ratso, jefi-jefi.

Sanyi kuwa ba a magana. Dutsen da ke ƙona ƙafa da rana shi ne ke zuƙe ɗumin jiki da dare, tabarma ba ta tare komai, sai da muka shimfiɗa karan dawa a ƙarƙashinta. Iska busasshiya ba ta riƙe zafi, shi ya sa da faɗuwar rana ma'auni ke gangarowa ba tsayawa har asuba. Duk wanda zai kawo yara nan a Disamba ya tanadi bargo biyu ga kowane yaro da mai dafa shayi.

Asabar, 18 ga Janairu, 2025

Sabuwar matsala, kuma ba daga sama ta zo ba. An kafa fitilar sola a bakin famfon ƙauye, fara sol, kanta a ɗage, rabin haskenta yana tafiya sama da gefe. Daga dutse tana dukan ido kai tsaye. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, waiwaye ɗaya zuwa ga fitilar nan ya rushe shi.

Ba za mu ce a kashe ta ba. Mata suna ɗiban ruwa a ƙarƙashinta bayan isha, yara suna karatu, kuma mutanen da suka daɗe cikin duhu ba baƙi daga birni ne za su zo su yi musu wa'azin falalar duhu ba. Na ce wa mai unguwa, "Ranka ya daɗe, hula kawai muke so a sa mata, hasken ya zubo kan famfo maimakon ya tafi wa tsuntsaye." Ya yi dariya ya ce a kira mai walda. An yanko kwano, an lanƙwasa, an ɗaure da waya ta ɓangaren dutse, an kuma sunkuyar da kan fitilar. Bakin famfo ya ƙara haske, mu kuma muka huta. Irin waɗannan fitilu suna yaɗuwa ƙauye bayan ƙauye. Wani bincike na 2023, da aka gina kan rahotannin masu ƙirga taurari da ido, ya nuna hasken sama da dare yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a shekara tsakanin 2011 da 2022. Yawancin rahotannin daga Turai da Amurka suka fito, namu yankin kusan fanko ne a taswirar, don haka mun fara aika namu ƙirgen ga shirin Globe at Night.

A sama: Zara da Zuhal (Saturn, duniyar nan mai zobe) sun matso juna a yamma, tazarar digiri 2. Zoben Zuhal ya zama siririn layi, domin a ƙarshen Maris zai juyo mana gefensa. Mirrihi (duniyar Mars) ya yi jawur a gabas, a makon nan ya fi kusa, kilomita miliyan 96. Akwai hazo matsakaici, amma a cikin madubi Mushtari (duniyar Jupiter) ya tsaya cak, ɗamarunsa biyu sun fito raɗau, ba rawa. Tsabtar sama daban, natsuwar iska daban. Hazo yana cin ta farko, sau da yawa ya bar ta biyu.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Buda ta sauka sosai. Da rana ana kallon rana ido da ido, fara, ba ta da kaifi. Kukar da ke gindin dutse ta zama inuwa. Ba mu buɗe madubi ba, domin wannan ƙura idan ta kwanta a kan gilashi aka goge ta a bushe, ta karce shi ke nan.

Ƙurar ba ta gonakinmu ba ce. Mafi yawanta daga kwarin Bodele take, a arewacin Chadi, kusa da Faya-Largeau, inda tsohon babban Tafkin Chadi ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi, ragowar ƙananan halittun ruwa. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi ta kwashi wannan gari. Kwarin yana tayar da ƙura kimanin kwana 100 a shekara, kuma wani bincike na 2006 ya ƙiyasta tan 700,000 a rana ɗaya ta hunturu idan ya tashi. Kwana ɗaya zuwa biyu ta iso mu. Wani abin dariya, taswirar hasken dare ta duniya ta 2016 ta sa Chadi a sahun ƙasashen da samarsu ta fi duhu, ga shi ita ce ke aiko mana da abin da ke rufe tamu.

To, ga abin da ya sa na ce lamba kaɗai ba ta isa ba. Yau na'ura ta ba da lambar da ta fi ta daren 3 ga Nuwamba duhu. Wanda ya karanta jadawalinmu a ofis zai ce yau ne daren da ya fi kowanne kyau. Alhali cikin abubuwa biyar, Kaza ce kawai ta fito sosai, ita ma 'ya'yanta sun ragu, sai Suhailu da ya koma ƙaramin tauraro. Na'urar ba ta san tauraro ba, haske kawai take aunawa. A wurin da babu fitilu, hasken sama daga taurari ne da ƙyallin iskar can sama, ƙura ta tare su, sai sama ta yi baƙi. Har kumfar Kano ta ɓace yau, abin da ɗaukewar wuta ba ta iya yi ba, domin hasken ba ya iya ratso ƙurar kilomita 100. A cikin birni akasin haka ke faruwa, ƙurar ta maido da hasken fitilu ƙasa, sama ta yi ja.

Lissafin ba shi da wuya. Tashoshin auna ƙura irin na Ilorin da Banizumbu a Nijar sukan nuna kaurinta, a ma'auninsu na yadda take tare haske, ya kai 1 ko ya wuce a irin wannan lokaci. Idan ya kai 1, tauraron da ke tsakar ka yana rasa kusan kashi 63 cikin 100 na haskensa. Wanda ke digiri 30 haskensa na ratsa ninki biyu na iska, abin da ke isowa bai kai kashi 14 ba. Tauraron arewa, a inda yake tsaye a nan, yana ratsa kusan ninki biyar, ko kashi 1 ba ya tsira. Mun zauna har ƙarfe 4 ko Gicciyen Kudu, taurarin nan huɗu masu siffar gicciye, zai fito, lokacin ne yake miƙewa tsakanin digiri 15 da 21. Duhu kawai muka gani a wurin.

Daga yau kowace lamba sai an rubuta sakamakon abubuwa biyar a gefenta, in ba haka ba ba za ta shiga lissafi ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Abu biyu tun rubutun baya, duka a gindin sama suka faru, duka hazo ya cinye.

Ranar 28 ga Fabrairu mun hau duban jinjirin watan Ramadan. Bai fi awa 17 da haihuwa ba, siriri ƙwarai, kuma yammacinmu ya yi toka tun kafin rana ta taɓa ƙasa. Daga dutsenmu ba mu gan shi ba. Da dare sanarwa ta zo daga fadar Sarkin Musulmi cewa an gani a wasu garuruwa, aka tashi da azumi Asabar 1 ga Maris. A daren ne kuma aka cika Facebook da labarin duniyoyi bakwai za su yi sahu. Mun ga Zara, Mushtari da Mirrihi tar. Biyu daga cikin bakwai ɗin dama sai da madubi, Zuhal kuwa ya riga ya nutse cikin hasken faɗuwar rana.

Yau kuma husufin wata. Inuwar duniya ta fara cin sa ƙarfe 6:09 na safe, lokacin saura masa kamar digiri 5 ya faɗi. Mun hau bayan sallar asuba. Watan ya yi ja, ya dushe, ya narke cikin hazo tun kafin lokacin ya yi. Mutanen Amurka ne suka sha kallon cikarsa.

Asabar, 26 ga Afrilu

Bazara ta kankama. Dutse yana fitar da zafin da ya sha har tsakar dare, kuma wannan hucin yana sa hoton madubi rawa, Mirrihi ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Mun sauko da madubin kan fako a gefen dutse, abin ya ɗan yi sauƙi. Kunamu sun fito, an hana hawa da silifa.

Iska ta fara juyowa daga kudu maso yamma, ma'aunin laima ya ɗaga, ana walƙiya can ta wajen Ningi ba a jin tsawa. Siririn gajimare yana zuwa yana wucewa. Tsakanin wucewarsa, wajen ƙarfe 4, farin zirin taurarin da ke ratsa sama ya fito a kudu, cibiyarsa kusan digiri 50 sama, da baƙaƙen rabe-rabensa. Tauraron arewa ya dawo. Limamin ƙauyen, wanda ke riƙe da lissafin taurari 28 na shekara, kowanne kwana 13 ban da Jabha mai 14, ya ce kada mu sa rai da sama mai tsabta sai ruwan shuka ya sauka ya kwantar da ƙura. Jadawalinmu bai saɓa masa ba.

Abin da muka tsayar a zaman yau: zangon ɗalibai na farko zai kasance a duhun watan 21 ga Oktoba, na biyu a na 20 ga Nuwamba idan ba a fara ƙone daji ba. Janairu da Fabrairu za a bar su don kallon wata da duniyoyi, wanda ko a filin makaranta ana iya yi, ba sai an ɗauko yara zuwa nan ba. Damina ba za a sa mata rana ba, sai dai duk wanda ke kusa ya hau da na'ura a daren da aka yi ruwa da yamma gari ya washe. Wayar da aka ɗaure hular fitila da ita ta fara sassautawa, mai walda zai zo ranar kasuwa ya kama ta da ƙusa kafin iskar hadarin farko.